Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Kwamitin Shirya Taron Shekara-shekara

Zuwa ga Mai girma Shugaban Kwamiti, Shehun Malami,

 

Wannan takarda ta fito ne daga wasu malamai da ɗaliban manyan digiri da suka halarci taron bara na kwana uku a kan harshe da adabi da al'adun Hausa, wanda kai ka jagoranci shirya shi, kuma kai aka sake damƙa wa na bana. Ba a so maganar ta kai ga shafin jarida ba. An rubuta wa sakataren kwamiti har sau biyu, shiru kamar an shuka dusa. An so a tayar da ita a zaman 'yan ƙungiyar da ke da taron, sai aka tura zaman zuwa bayan la'asar ta ranar ƙarshe, lokacin da yawancin baƙi suna tasha suna cinikin kuɗin mota. Tunda ƙofar zaure ta ƙi buɗuwa, dole a yi sallama daga waje da murya mai ɗan ƙarfi.

Taron ilimi na kwanaki ana auna shi ne da abin da ya bari a rubuce bayan an watse. Daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris na 1966, hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako suka zauna a kan haruffan da za a rubuta Hausa da Fulfulde da Kanuri da Zabarmanci da wasu harsunan Afirka ta Yamma. A Janairun 1980 masana daga Nijeriya da Nijar suka haɗu a Yamai don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu. A 1978 an yi taron ƙasa da ƙasa a kan Hausa a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma maƙalolinsa sun fito a kundi. Kai da kanka kana koyar da waɗannan tarurruka a aji, ɗalibai suna haddace shekarunsu don jarrabawa. Babu ɗalibin da aka taɓa tambaya wane ne uban taro a Bamako, ko wace irin jaka aka raba a Yamai. Taron bara kuwa, abin da ya rage a hannun mahalarta shi ne jaka da biro da hoton tarayya.

Aikin farko shi ne sa rana, kuma mai sa ranar taro a ƙasar nan yana buƙatar kalanda uku a gabansa. Ta farko ita ce ta Musulunci: shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, don haka makon da ya yi daidai bara yana iya faɗawa cikin azumi, ko jajibirin Sallah, ko lokacin tashin alhazai. Ta biyu ita ce kalandar makarantu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya wargaza jadawalin karatu har wata jami'a tana jarrabawa wata tana rajistar sababbin ɗalibai, don haka sai an tambayi kowace daban. Ta uku ta sama ce: hazon hunturu da ke hana jirgi sauka, zafin Afrilu a ɗakin taron da fankarsa ba ta juyawa, da ruwan Agusta. Ranakun da suka fi sauƙi su ne Talata zuwa Alhamis, domin Litinin ta zama ranar isowa, ba a shiga Juma'a ba, ba a kuma taɓa Lahadi ba, wadda ita ma ranar ibada ce ga wasu mahalarta. Bara an ɗage taron sau biyu, sanarwar ɗagewa ta biyu ta iske wasu sun riga sun biya kuɗin tikiti, sannan ranar ƙarshe ta faɗo Juma'a. Rabin yinin ya tafi masallaci da neman mota.

Bayan rana sai kiran maƙaloli. Tsarin da aka sani shi ne a fitar da jigo da ƙananan jigoginsa wata shida kafin taro, a rufe karɓar tsakure da saura wata uku, a tantance, a aika wa waɗanda aka karɓa takarda aƙalla wata biyu kafin ranar. Wannan takarda ita ce mabuɗin komai. Da ita malami yake neman izinin tafiya daga shugaban sashe, da ita yake neman tallafi daga makarantarsa ko daga asusun TETFund, kuma fayil ɗin sai ya yi makonni yana bin ofis-ofis. Mai tasowa daga Turai ko Amurka da ita yake neman biza. Bara takardar ta fito ana saura 'yan kwanaki, lokacin da ba ta da sauran amfani a kowane ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi jinkirin muni, ranka ya daɗe, shi ne ba a ga alamar an tantance komai ba. Duk wanda ya turo tsakure an karɓa, har da waɗanda ba su shafi jigon ko ta gefe ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kowace maƙala kuɗin rajista ce. Amma lokaci ba ya miƙewa don an karɓi kuɗi, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. A cikakken yini, daga tara na safe zuwa shida na yamma, in an cire hutun azahar da cin abinci da na la'asar, abin da ya rage bai wuce sa'a bakwai ba. Maƙala tana buƙatar minti ashirin na gabatarwa da goma na tambayoyi, wato sha huɗu ke nan a ɗaki guda a yini. Taron kwana uku, in an cire buɗewa da rufewa, yini biyu ne na aiki: maƙala 28 a ɗaki ɗaya, 112 a ɗaki huɗu. Wannan adadi shi ya kamata ya faɗa wa kwamiti nawa zai karɓa tun kafin a buɗe saƙon farko. In ana son ƙari, sai a ƙara ɗaki ko a ƙara kwana. Kwamitinka ya zaɓi rage mintoci.

Sai batun kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban nauyin mahalarci, wani lokaci ya zarce rajista da masauki a haɗe. Yawancin masu zuwa daga aljihunsu suke biya, wasu da bashin adashi. Mutumin da ya yi wannan sadaukarwa yana da haƙƙin ya san inda kuɗinsa suka shiga. Bara lambar asusun da aka bayar ta wani mutum ce da sunansa, ba ta ƙungiya ba, rasidi kuwa ya ƙare tun kafin hantsi. A teburin rajista ɗaliba ɗaya aka bari da littafi mai layi-layi, tana karɓar waya daga hannun kowa tana duba shaidar tiransifa, layi ya fita har ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Babu wanda ke zargin kowa da ci. Ana dai cewa tsarin da ba ya barin shaida yana jawo wa mai gaskiya zargin da bai cancanta ba, kuma sunanka ne a saman takardar gayyata.

'Yan'uwa na Nijar sun fi kowa shan wahalar wannan. Kuɗinsu sefa ne, asusun kuwa na naira, ba su da hanyar biya tun daga gida, sai suka iso da tsaba aka caje su farashin wanda ya makara. Waɗannan mutane ne daga Yamai da Maraɗi da Damagaram da suka daina zuwa dole lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, suka dawo da zumuɗi bayan an buɗe ta a Maris na 2024. Ƙasarsu a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka abin da suke ɗauke da shi a kan koyarwa da fassara ya shafi kowa a zauren. Wakili ɗaya a can, mai karɓar rajista da sefa, ya isa ya kawar da matsalar baki ɗaya.

Na masauki gajere ne. An buga sunayen otal-otal ba tare da farashi ba, ba a kuma yi ciniki da ko ɗaya a madadin taron ba, alhali kwamitin da zai kawo baƙi masu yawa na dare uku yana da bakin neman ragi. Ɗalibai ba a tanadar musu komai ba. Wasu a masallaci suka kwana.

Yanzu ga inda aka fi ɓarna, wato ranar buɗewa. Jadawali ya ce ƙarfe goma. Tun tara da rabi zaure ya cika. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, mai gabatarwa yana ta cika wuri da barkwanci da ba da haƙuri, yana cewa babban baƙo yana hanya. Duk wanda ya shigo da babbar riga sai a tsayar da komai, a jero muƙamansa, a tashi wani daga teburin manya a ba shi kujera. Da aka fara, bayan ɗaya ta gota, sai jawabin maraba, jawabin uban taro, jawabin uwar taro, jawabin babban mai masaukin baƙi, jawaban fatan alheri, yawanci daga bakin wakilai da ke karanta takardar da ba su taɓa gani ba sai a cikin mota. Babban mai jawabi, dattijon da ya yi watanni yana shirya maƙalar da ita ce ƙashin bayan jigon, an raɗa masa cewa ya taƙaita domin manya suna da wani taron. Ya tsallake shafuka yana ba da haƙuri, kamar shi ne ya makara. Aka yi hoto, jiniya ta tashi, manya suka fita da 'yan rakiyarsu da 'yan jarida. Aka ci abinci da la'asar. Yini ɗaya cikin uku ya tafi ba a karanta maƙala ko guda ta mahalarta ba.

Babu mai cewa kada a gayyaci sarakuna da masu mulki. Girmama manya tarbiyya ce, kuma da yawansu suna taimaka wa ilimi da gaske. Abin da ake cewa shi ne taron ba nasu ba ne, baƙi ne a cikinsa, kuma akwai hanyoyin karrama baƙo ba tare da an ba shi yini sukutum ba. Ana iya fara zaman maƙaloli tun tara na safe, a sa bikin buɗewa da sha biyu, ta yadda in baƙo ya yi jinkiri aiki yana tafiya. Ana iya yin bikin da yammacin ranar isowa. Ana iya ƙayyade shi a sa'a ɗaya da rabi, jawabai uku, a rubuta wa kowane ofis mintocinsa a cikin takardar gayyata. Wani abin lura kuma: gudummawar da ake shelantawa a lasifika ana tafi, ba duka ke isowa asusu ba. Kasafin da aka gina a kanta rubutu ne a kan ruwa.

Abin da aka rasa ranar farko, a wuyan ƙananan masu gabatarwa aka fanshe shi. Ga misali ɗaya da mutane da dama suka gani. Wata ɗalibar digiri na biyu ta taso daga gari mai nisan tafiyar yini guda, da goyo a bayanta. Ta yi watanni tana bin ƙauyuka tana naɗar waƙoƙin daka da niƙa daga bakin tsofaffin mata, irin waƙoƙin da injin niƙa ya kusa kashewa. An sa ta da safiyar rana ta biyu, aka yi ta tura ta baya domin manyan malamai su riga. Layi ya zo kanta ana kiran magariba. Wutar Nepa ta ɗauke, janareto ba mai, majigi ya mutu. Ta tsaya tana karantawa da fitilar wayarta, a gaban mutum shida da kowannensu jiran nasa layin yake yi. Shugaban zama ya ce ta faɗi take da kammalawa kawai. Muryoyin tsofaffin da ta zo da su a waya, babu wanda ya ji ko ɗaya. Ta ce na gode, ta gyara goyonta, ta fita. Ita ma cikakken kuɗin rajista ta biya.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a kanta, kuma duka suna da magani. Na farko wuta. Man janareto na kwana uku lissafi ne da kowane mai kula da inji zai yi a minti biyar, kuma kamata ya yi a saye shi kafin a yi odar jaka da kalanda. Kowane ɗaki yana buƙatar yaro ɗaya mai kula da majigi da lasifika, wanda ya gwada su tun daren jiya. Na biyu kunya. An naɗa ƙananan malamai shugabannin zama, sannan aka sa malamansu na digiri na uku a cikin masu gabatarwa. Wane ne zai ce wa wanda ya duba masa kundi lokacinsa ya ƙare? Farfesa ya ci minti arba'in, ɗaliba ta biya. Maganin shi ne shugaban zama ya kasance tsaran babban mai gabatarwa a ɗakin, a ajiye mai ƙararrawa daban, kuma kai da bakinka ka karanta dokar lokaci a gaban kowa tun ranar farko, ka ce ta hau kan babba da yaro. In daga gare ka ta fito, babu wanda zai ɗauke ta rashin kunya.

Hutu ya bi lokacin salla, a tanadi ruwan alwala, a buɗe bayin mata da aka bar shi a kulle bara. Abinci a raba shi da tikitin da aka bayar wurin rajista, domin bara ya ƙare a layin gaba, masu tikitin baki suka ci, masu rasidi suka nufi mai shayi.

Takardar shaidar halarta ma an yi kuskure a kanta. Gaskiya ce cewa wasu saboda ita suke zuwa, tunda ana ƙirga ta wurin ƙarin girma, kuma ba laifinsu ba ne. Amma da aka raba ta a cikin jaka tun ranar farko, kashegari kujeru suka yi ta kallon juna. An kuma ga takardu ɗauke da sunayen mutanen da ba su taka garin ba. Wannan yana zubar da darajar takardar da ke hannun wanda ya zo da gaske. A riƙe ta sai zaman rufewa, a yi zaman kafin azahar, domin halin da hanyoyi suke ciki ya sa babu mai son dare ya riske shi a daji.

Na ƙarshe shi ne kundi, kuma a kansa aka fi jin ciwo. An karɓi kuɗin bugawa daban da na rajista, aka ce wata uku. Shekara ta zagayo, babu kundi, babu bayani, babu ko sanarwar cewa maƙalar wane ta isa hannun mai dubawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aikin kundi ba bayan taro yake farawa ba. Ana naɗa editoci tare da 'yan kwamiti tun farko, a ware kuɗin ɗab'i a gefe inda bikin buɗewa ba zai taɓa su ba, a nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, a kuma gaya wa marubuta irin rubutun kwamfuta da za su yi amfani da shi, domin an sha ganin ɓ da ɗ da ƙ sun rikiɗe sun koma akwatuna a maɗaba'a. Kundin masana Hausa da haruffa masu lanƙwasa suka ɓace a cikinsa abin dariya ne a hannun ɗalibi. Sanarwar bayan taro kuwa, wadda aka karanta bara, kusan kalma da kalma ita ce ta bara waccan: kira ga gwamnati, kira ga iyaye, kira ga masu hannu da shuni. Ba ta ɗauko komai daga abin da aka tattauna ba, domin ba a sa kowa ya rubuta abin da ake faɗa a ɗakunan ba.

Ranka ya daɗe, masu wannan takarda sun san aikin kwamiti aikin sa kai ne, sun ga 'yan kwamitinka suna ɗaukar kujeru da hannunsu har tsakar dare, kuma ba su manta shekarun da ka ba fagen nan ba. Saboda haka roƙo suke yi.

Suna roƙon ka fitar da bayanin kuɗin bara a rubuce, abin da ya shigo da abin da ya fita, kafin a buɗe rajistar bana, kuma rajistar ta shiga asusu mai sunan ƙungiya da sa hannun mutum biyu. Suna roƙon ka faɗi ranar da kundin bara zai fito, in kuwa ba zai fito ba, a mayar wa mutane kuɗinsu da maƙalolinsu su nemi wata mujallar. Game da na bana, a tsayar da rana ɗaya a bar ta a tsaye, a faɗi adadin maƙalolin da za a karɓa tun a cikin sanarwa, a aika da takardar karɓa da saura wata biyu, jadawali kuma ya isa hannun kowa mako guda kafin tafiya. A naɗa wakilin rajista a Nijar. A sa ɗalibi ɗaya da mace aƙalla ɗaya a cikin kwamiti, domin akwai abubuwan da ba a hangowa daga teburin manya. A mayar da zaman 'yan ƙungiya zuwa yammacin rana ta biyu, lokacin da kowa yana nan.

Suna kuma roƙon a nemo ɗalibar nan mai waƙoƙin daka, sunanta yana cikin littafin rajista, a gayyace ta bana ba tare da ta sake biya ba, a ba ta minti ashirin ɗinta da safe, a ɗakin da lasifikarsa ke aiki.

Ana sauraron amsarka ta hanyar da ka ga ta dace. 

Wassalam,

Wasu daga cikin mahalarta taron bara